Wayar Tsakanin Ɗaki Da Shago

Rahoton shafi uku ne, kuma kafin hantsi Malama Sa'adatu ta karanta shi sau huɗu, ba ta sami harafi ɗaya da za ta gyara ba. Abin da ya rage shi ne a buga shi a takarda, ta sa hannu, ta kai makaranta kafin kwamitin ladabtarwa ya zauna bayan la'asar. Sai dai kwana uku ke nan kwamfutarta ta daina magana da firinta.

Shekara tara tana riƙe da ofishin jarrabawa a wata sakandaren 'yan mata mai zaman kanta da ke Tarauni. Kowane zango malamai kan miƙo mata tambayoyinsu a rubuce da hannu, ta zo da su gida Gyadi-Gyadi, ta shigar da su a tsohuwar kwamfutar tebur da ke ƙuryar ɗakinta. Kwamfutar ba ta taɓa leƙa intanet ba, kuma da gangan ta hana ta. Idan ta gama sai ta zuba su a filashi, ɗan abin adana bayanai, ta kai wa Mista Luka, mai kula da injin buga takardu na makarantar, shi ya buga, ya jera, ya kulle a kabad.

A zangon da ya ƙare, tambayoyin lissafi na 'yan aji biyar sun riga ranar jarrabawa fita. An ga hotonsu a wayoyin ɗalibai, bugaggu tsaf, ba rubutun hannu ba, don haka malamin lissafi ya kuɓuta daga zargi. Ya rage mutum biyu. Sa'adatu ta tsaya gaban kwamiti ta rantse da Allah cewa babu wata kafa da takarda za ta bi ta fita daga ɗakinta, kuma babu wanda ya yi shakkarta, domin an san ta. Aka dakatar da Mista Luka. Mako uku ke nan yana gida. Rahoton da ke jiran bugu shi ne wanda ya ba da shawarar a sallame shi ɗungurungum.

Firintar gidan tana can shago, ɗakin da ke jikin zaure, inda mijinta Malam Abdulmalik yake koya wa yaran unguwa lissafi ranakun Asabar da Lahadi. Tun shekarar da suka tare a gidan wani abokinsa ya ja musu shuɗiyar waya daga bayan kwamfutarta, ta bi saman katangar tsakar gida, ta ratsa tagar shago, ta shiga bayan kwamfutar Malam. Da ita take aika wasiƙu da jadawali su fito a firinta ba tare da ta taka ƙofar shagon ba. Tambayoyin jarrabawa kuwa ba ta taɓa buga su a gida ba. Filashinta ma ba ta yarda ya shiga kwamfutar Malam, wadda hannun kowa ke taɓawa, balle ta kai rahoton sirri shagon buga takardu na bakin titi. Shi ya sa ta kira ƙanwarta Uwani.

Uwani tana da shagon gyaran kwamfuta a kasuwar waya ta Tarauni, kuma ita kaɗai ce mace a layinsu. Ta yi sallama wajen sha ɗaya, jakar kayan aiki a kafaɗa, gefen abayarta ya jiƙe da ruwan da aka wayi gari ana yi.

"Yaya, har yanzu wannan kakar kwamfutocin tana numfashi? Ai wannan ta girmi aurenki."

"Ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ki duba min wayar kawai, lokaci na tafiya."

Uwani ta tsugunna, ta jawo akwatin kwamfutar, ta leƙa bayansa. "Zo ki gani. Nan inda wayar ta shiga akwai 'yar fitila. In hanya lafiya take, za ki gan ta tana ƙifta ido. Taki ta mutu murus. Wato ko dai ramin ne ya lalace, ko wayar ta tsinke a wani wuri."

Ta fita tsakar gida tana bin wayar da yatsa kamar mai tsefe kitso. Ta hau kujera ta duba saman katanga, ta sauko, ta shiga shagon da makullin da Sa'adatu ta miƙa mata, domin Malam ya tafi gaisuwar mutuwa Unguwa Uku. Jim kaɗan ta ɗaga murya.

"Ga ɓarawon nan! Murfin taga ne. Kullum aka rufe sai ya cije ta, ga ruwan damina ya shiga ciki ya yi tsatsa. Yaya Malam ya iya lissafi, amma bai iya rufe taga ba."

Ta yanke wurin da ya ruɓe, ta fere fatar wayar, sai ga silli takwas masu launi daban-daban. Ta jera su, ta zura a sabon kai na roba, ta matse da filaya, ta soka. Suka koma ɗaki. Fitilar ba ta kama ba.

Sa'adatu ta dubi agogon bango. Sha biyu saura kwata.

"Ba dai wani wurin ma ya tsinke ba?"

Uwani ta zare kan da ke bayan kwamfutar yayarta, ta ɗaga shi wajen haske, ta ƙura masa ido, sannan ta bugi goshinta. "Laifina ne. Na jera su irin na zamani. Waɗannan tsofaffin, in za a haɗa su baki da baki babu na'ura a tsakani, sai an gitta sillin. Kore ya koma gurbin ruwan lemo, ruwan lemo ya koma gurbin kore. In ba haka ba, su biyun za su yi ta magana ta kafa ɗaya, babu mai saurare. Kamar ke da Inna in kun haɗu."

"Allah ya shirye ki."

"Amin, tare da kwamfutarki."

Ta sake yankewa, ta sake jerawa, ta sake matsewa. A wannan karon 'yar fitilar ta kama, ta fara ƙiftawa. Sa'adatu ta ce alhamdu lillahi, ta miƙa hannu za ta aika rahoton, Uwani ta riƙe mata hannu.

"Tukuna. Hanya ta buɗe, amma bari in ga ko sun gane juna." Ta buɗe wani baƙin allo ta rubuta 'yan lambobi. "Sallama nake yi wa ta Yaya Malam. In ta amsa, shi ke nan."

Ba ta amsa ba. Sau huɗu ana sallama, shiru. Uwani ta tafi shago, ta dawo, ta kuma komawa, tana mita. Ashe lokacin da wayar ta mutu Malam ya yi ta tattaɓa kwamfutarsa yana neman gyara, har ya goge lambar da aka ba ta. Uwani ta yi wa yayarta bayani cewa kowace kwamfuta sai da lambar gidanta, kuma dole lambobin biyu su kasance a layi ɗaya, in ba haka ba saƙo sai ya yi ta yawo bai sami ƙofa ba. Ta mayar da lambar, ta sake sallama, amsa ta dawo sau huɗu a jere.

"To, aika takardarki. Ni ina shago, in ga fitowarta."

Sa'adatu ta aika. Ta ɗauki mayafinta ta bi ta zaure. Tun daga ƙofa ta ji firinta tana jan takarda, zuciyarta ta yi sanyi. Amma Uwani ba firintar take kallo ba. Allon kwamfutar Malam take kallo, ta tallafe haɓa.

"Yaya, ke kika ce a buɗe masa komai da komai?"

"Wane komai?"

"Zo ki gani."

Sa'adatu ta matso. A kan allon mijinta, a cikin shagon da ƙofarsa ke kallon titi, ta ga jerin sunayen da ta san su kamar sunayen 'ya'yanta. Jadawali. Wasiƙun iyaye. Sakamako. Jarrabawa. Duk abin da ke cikin kwamfutar ƙuryar ɗakinta, ga shi nan a baje.

"Me ya kawo su nan?"

"Ba kawo su aka yi ba, suna can ɗakinki. Daga nan ake hango su, kuma ana iya buɗewa. Wanda ya ja muku wayar bai tsaya zaɓe ba, gidan gaba ɗaya ya buɗe."

"Yau kika buɗe, garin gyara."

"Wallahi ban taɓa wurin ba. Haka yake tun ranar farko."

"Amma wayar ta firinta ce, Uwani. Daga wurina take zuwa nan. Takarda take kawowa."

"Yaya, waya ba ta san zuwa ba dawowa ba. Hanyar da ta kai ki gidan mutum ita za ta kawo shi gidanki."

Sa'adatu ta nemi bencin ɗalibai ta zauna. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ta ce a ranta, ta kuma cewa. Sannan ta yi ƙoƙarin kama kanta. Don ƙofa tana buɗe ba shi ne an shiga ba. Malam ba mutum ne mai bincike ba. Ko jakarta bai taɓa buɗewa ba.

Suna haka aka kira azahar, suka shiga ciki suka yi salla. Ta idar ba ta tuna surar da ta karanta ba. Tana naɗe darduma ta ji sallamar Malam a zaure.

"A'a, Injiniya ce a gidan? To, an ta da matacciyar?"

"An ta da ita, Yaya Malam. Kai kuma za ka biya diyyar wayar da tagarka ta kashe."

Ya yi dariya, ya shige shago, suka bi shi, ya zauna a kujerarsa yana cire hula. Sai ya lura da fuskar matarsa, wadda ta tsaya a bakin ƙofar shagon.

"Malama, lafiya?"

"Malam, ka taɓa buɗe wani abu nawa daga nan?"

"Naki? A'a." Ya ɗan yi tunani. "In ban da tsofaffin tambayoyin nan. Ai na ɗauka na gaya miki. Wata biyu da suka wuce ina neman abin da zan ba yara su gwada hannu, sai na ci karo da su. Na shekarar dubu biyu da sha tara. Na ce tambayar da ta shekara shida ai ta zama ta kowa. Na buga musu ta lissafi, kuma sun ji daɗinta ƙwarai."

Ya faɗi haka da sakin fuska, irin ta mutumin da ya tsinci abin amfani bai bar shi ya lalace ba.

Sa'adatu ta dafa ƙyauren. Tana da wata al'ada a aikinta wadda ba ta taɓa ganin aibunta ba. Tun shekarar da ta tsara takardar jarrabawa ta yi mata kyau, da layukanta da gurbin suna da na maki, ba ta sake fara sabuwa ba. Kowane zango sai ta buɗe waccan ta farko, ta goge tambayoyin ciki, ta zuba sababbi a gurbinsu, ta adana. Sunan fayil ɗin bai dame ta ba, tunda ita kaɗai ke ganinsa. Shekarar ma ba ta rubuta ta a kan takardar sai ranar da za ta kai bugu.

"Uwani," ta ce a hankali, "buɗe masa. Nuna masa ranar da aka taɓa shi ƙarshe."

Uwani ta buɗe. Sunan yana ɗauke da tsohuwar shekara, amma a gefensa ga kwanan wata na bana, mako biyu kafin jarrabawa. Sa'adatu ta ciro wayarta, ta nemo hoton da ya yaɗu a hannun ɗalibai, ta ajiye a gaban mijinta. Ya dubi wayar, ya dubi allon, ya sake duban wayar. A ƙasan hoton ana ganin gefen wani tebur mai fentin kore. Ya sauke ido kan teburin da ya dafa.

"La ilaha illallahu," ya ce. Hular ta zame daga gwiwarsa, bai ɗauka ba. "Yara uku daga makarantarku suna zuwa nan. Ni na miƙa musu. Da hannuna na raba."

A waje wani mai adaidaita sahu yana ta danna ham, ana yi masa tsawa. Mako uku Malam yana lallashinta a kan wannan magana, yana cewa Allah zai tona asirin wanda ya yi. Ita kuma mako uku tana amsawa da amin.

Uwani ce ta fara motsi. Ta jawo kujera kusa da allon, ta yi ƙasa da murya. "Yaya, ki saurare ni. Minti ɗaya ya ishe ni in rufe wannan ƙofar, ta zama kamar ba a taɓa buɗe ta ba. Ba sata kuka yi ba, ba sayarwa kuka yi ba. Ki sassauta rahoton, ki ce ba a gano mai laifi ba. Sai a mayar da shi aikinsa, ke ma ki tsira da naki."

"A mayar da shi ana kallonsa a matsayin ɓarawon da ba a kama ba?"

"Ya fi kora dai."

"Ni zan je," in ji Malam. "Ni na ɗauka, ni zan faɗa. Rantsuwarki kuma, ki kwantar da hankalinki. Wanda ya rantse a kan abin da ya haƙiƙance gaskiya ne, malamai sun ce babu kaffara a kansa."

"Na sani, Malam. Ba kaffarar ce ta dame ni ba." Ta tako ta ɗauki shafuka ukun da ke kwance a bakin firinta, har yanzu da ɗuminsu. Ta karanta layin ƙarshe, inda ta rubuta cewa amana idan ta karye ba ta ɗoruwa. Ita ta zaɓi kalmomin, har ta ji daɗin yadda suka zauna. "Mutumin nan ya dube ni a gaban kwamiti ya ce, Malama, kin san ni. Na ce masa na san ɗakina. Da rantsuwata aka kore shi gida. Kai ba ka rantse ba, ni na rantse. Amanar kuma ni aka ba, ba kai ba."

Ta juya ga ƙanwarta. "Ki rufe ƙofar, amma ba yanzu ba. Ki fara ɗaukar min hoton allon nan yadda yake, da sunan da kwanan watan. Su gani da idonsu."

Uwani ta ɗauki hoton.

Malam ya dage sai ya raka ta, ba ta hana shi ba. Suka tari adaidaita a bakin titi. Tafiyar ba ta da nisa, amma ruwa ya cika ramukan hanya, mai tuƙin yana ta kauce-kauce yana ba da labarin tsadar mai. Suka yi la'asar a masallacin makaranta.

A kan bencin da ke ƙofar ofishin shugabar makaranta ta tarar da Mista Luka zaune, cikin farar riga mai dogon hannu da aka goge da kyau. Ya rame. Kusa da shi matarsa Rifkatu ce, ta rungume jaka a ƙirji. Ya miƙe ya gaishe ta kamar yadda ya saba, har da ɗan rusunawa. Gaisuwar ta fi mata zagi ciwo.

"Mista Luka, ka shigo tare da ni," ta ce. "Abin da zan faɗa, kai ya fi cancanta ka fara ji."

Mutum biyar ne a kwamitin. Hajiya Hasana, shugabar makarantar, ta miƙo hannu tana jiran rahoto. Sa'adatu ba ta zauna ba. Ta ce babu rahoto. Ta faɗi zancen wayar, da tagar, da sunan fayil ɗin da ba ta taɓa canzawa ba, da teburin mai fentin kore. Ta ajiye wayarta a gabansu da hotuna biyun. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba, kuma da Malam ya yunƙura zai karɓi laifin, ta ce ya yi haƙuri ta gama.

Hajiya Hasana ta cire tabarau ta riƙe a hannu. "Sa'adatu," ta ce, tana girgiza kai. Alhaji Bello, wakilin iyaye, wanda ya fi kowa zafi a kan Luka a zaman farko, ya yi ta juya wayar yana salati a hankali.

Aka fitar da su, aka yi shawara ta kusan rabin sa'a, aka sake kiran su. Mista Luka zai koma aikinsa daga gobe, da takardar wanke shi. Malama Sa'adatu za ta sauka daga ofishin jarrabawa, ta miƙa makulli yau, sauran hukunci kuma sai hukumar makaranta ta zauna. Ta zare makullin daga cikin na gidanta, ta ajiye a kan tebur.

A baranda ta tsaya gaban Luka da matarsa.

"Na zalunce ka. Ina roƙon ka yafe min, in ka ga dama, a lokacin da ka ga dama."

Ya dubi filin makarantar, inda ruwa ya kwanta.

"Malama, takarda a aljihu za ta zauna," ya ce. "Ni kuwa a wancan filin aka kira sunana, a taron safe, gaban yara ɗari shida. 'Yata Precious tana cikin layi. Tun ranar ko coci ba ta yarda ta je ba."

Sa'adatu ta dubi filin ita ma. Ta san dandamalin da ake tsayawa, ta san yadda lasifikar ke kai murya har bayan katanga, inda masu sayar da awara ke zama.

"Ranar da aka dawo hutu zan hau in faɗa da bakina," ta ce. "Ka ce mata ta zo."

"Zan gaya mata. Ban sani ba ko za ta yarda."

Rifkatu ta dubi Sa'adatu tun daga sama har ƙasa, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta kama hannun mijinta, suka sauka daga barandar suka nufi ƙofa.